Abin da aji ya koya mini game da basira da nahawun Turanci

A kwalejin ilimi na fara jin sunan Howard Gardner, malamin jami'ar Harvard ta Amurka, wanda ya fito a 1983 da ra'ayin cewa basirar ɗan Adam ba guda ɗaya ba ce da za a auna da jarrabawa ɗaya a yanke wa mutum hukunci. Ya lissafa iri bakwai, wato ta harshe, da ta lissafi da tsara hujja, da ta sauti da kiɗa, da ta siffofi da wurare, da ta sarrafa jiki, da ta sanin halin mutane, da ta sanin kai, daga baya kuma ya ƙara ta fahimtar halittu da muhalli. Na haddace su na ci jarrabawa, sannan na shiga aikin koyar da Turanci a makarantar sakandare da tunanin cewa aikina shi ne in gano irin basirar kowane ɗalibi in bi da shi ta wannan hanya kaɗai. Sai da na yi shekaru riƙe da alli kafin na gane cewa wannan fahimta gurguwa ce.

Wani yaro ne ya fara buɗe mini ido. A darasin lissafi shi ne gwani, amma idan na shigo sai ya sunkuyar da kai kamar ruwa ya cinye shi. Wata rana na zana jadawali a allo, na jera lokutan aikatau na Turanci kamar yadda ake jera ƙa'idar lissafi: ga mai aikatawa, ga aikatau mai taimako, ga ɗafin da ake liƙawa a ƙarshe. Nan take ya ɗago kai. Kafin mako ya zagayo yana juya jimla daga "the boy wrote the letter" zuwa "the letter was written by the boy" ba tare da tuntuɓe ba, har yana yi wa abokansa bayani. Na yi murna ƙwarai, amma da na karɓi insha'insa sai na tarar da "goed" da "buyed" da "teached" cike da shafi. Yaron bai yi sakaci ba. Ya bi ƙa'ida ne har inda ƙa'idar ta ƙare, domin Turanci yana da aikatau kusan ɗari biyu da ba sa bin dokar ƙara "-ed", kuma yawancinsu su ne waɗanda aka fi amfani da su kullum.

A wannan wurin da hujja ta gaza, wata ɗaliba ce ta yi fice, wadda ta taso a Islamiyya kuma kunnenta ya saba da hadda. Ita da kanta ta tara aikatan nan gida-gida bisa amonsu, tana rera "sing, sang, sung" da "ring, rang, rung" da "drink, drank, drunk" da irin karin da ake biya karatu da shi, har ajin duka ya ɗauka. Wannan bai kamata ya ba ni mamaki ba, tun da malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan hanya: Alfiyyar Ibn Malik nahawun Larabci ce da aka tsara cikin baitoci kusan dubu domin ta zauna a ƙirji. Haka kuma na lura cewa ɗaliban da suka karanta Ajurumiyya ba sa shan wahalar gano mai aikatawa da wanda aka aikata wa a jimlar Turanci, da zarar na ce musu fa'ili da maf'uli nake nufi.

Sai dai ita ma haddar tana da iyaka. Ɗalibar nan ta san "go, went, gone" kamar sunanta, amma ba ta san lokacin da za ta ce "I went" da lokacin da za ta ce "I have gone" ba. Laifin ba nata ba ne, domin a Hausa "na ci abinci" ya wadatar, ko jiya aka ci ko yanzu aka wanke hannu, alhali Turanci yana raba su biyu gwargwadon ko abin da ya faru yana da alaƙa da halin da ake ciki. Wanda ya riga kowa kama wannan bambanci shi ne wani yaro da ke zama a shagon mahaifinsa bayan an tashi daga makaranta, yana ciniki da mutanen kudu. Bai iya faɗin ƙa'ida ko ɗaya ba, amma ya san cewa "have you paid?" ake tambayar mai saye da ke tsaye a gabanka, ya kuma san cewa "could you" ta fi "give me" ladabi. Daga mu'amala da mutane ya samo wannan, kuma da na fara sa su wasan ciniki a aji, shi ne ya zama jagora.

A nan na fahimci cewa nahawun ne ke da sassa daban-daban, kowane sashe da irin basirar da yake bukata: wani hujja, wani kunne, wani kuma sanin wanda kake magana da shi. Saboda haka raba ɗalibai da laƙabi, a ce wannan na lissafi ne wancan na waƙa, zalunci ne a gare su, domin ranar jarrabawar WAEC ko NECO takarda ɗaya za a miƙa wa kowa, kuma za ta tambayi dukkan sassan. Gardner kansa ya sha bayyana cewa ra'ayinsa ba ya nufin kowane yaro yana da salon koyo guda da za a tsare shi a kai, kuma akwai masana halayyar ɗan Adam da ke ganin cewa waɗannan basirori sun fi cuɗanya da juna fiye da yadda ya nuna. Abin da na gani a aji ya fi kusa da wannan cuɗanya.

Akwai kuma kuskuren da ya gagari jadawali da waƙa da wasan ciniki baki ɗaya. Bahaushe yana cewa "Audu ya tafi", ba ya sauke wakilin sunan ko da ya ambaci sunan, saboda haka ɗalibaina ukun nan duka sukan rubuta "Audu he went". Na bayyana dalilin, sun gane, sun kuma maimaita kuskuren washegari. Abin da ya kawar da shi shi ne jimla biyar da nake sa su rubuta a farkon kowane darasi, in bi su layi-layi da jan biro, kowa ya sake rubuta tasa a gabana. Mun kwashe zango guda cur muna haka kafin wannan "he" ta bar littattafansu.