Keke da ciwon rashi

Bayan sadakar uku ne ciwon rashi yake fara cin mutum, masu gaisuwa sun watse an naɗe tabarmi, sai kai da tunani. Haka na kasance da Allah ya yi wa yayana rasuwa, barci ya ƙaurace min, abinci ma sai Inna ta matsa.

Maƙwabcinmu ne ya ce in ɗauko tsohon kekena. Mai faci ya gyara tayar baya ya zuba wa sarƙa baƙin mai, in an sallame asuba sai in fita daga Birnin Kebbi in miƙe hanyar Ambursa kafin rana ta yi zafi, manoman shinkafa na wucewa muna gaisawa, wani lokacin ina tuƙi ina hawaye ina yi masa addu'a kuma wallahi kafin in dawo nauyin ƙirjin ya ragu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce babba ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Kewarsa tana nan, amma barci ya dawo. Wanda damuwarsa ta ƙi sauka kuwa, don Allah ya ga likita, kada kunya ta hana shi.