Gawayin da muke ƙonawa da kututturen da muke tonewa

Jama'a wannan maganar gawayi ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da ita. Duk wanda ke bin manyan titunanmu na arewa ya san abin da nake nufi, buhuna ne jere a bakin hanya an cika su har sun yi tozo, an rufe bakin da ɗanyen ganye an ɗinke da igiya, can gefe kuma ga babbar mota ana ta lodi za a shiga da su birni. Mu kuma mu sayi na ɗari biyar a leda mu hura mu ɗora tukunya, shi ke nan, babu mai tambayar daga ina.

To daga daji ne. Kuma ba kowace bishiya ake so ba, masu wannan sana'a sun fi neman itace mai ƙarfi wanda gawayinsa ke daɗewa yana ci, irin su ƙirya da marke da kaɗanya, wato daidai waɗanda suka fi jinkirin girma. Kaɗanya fa sai ta shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma da injin yanka katako ko rabin awa ba za a yi ba ta kwanta. Sannan yadda ake ƙonawar, a tara gumagumai a rufe da ciyawa da ƙasa a cinna wuta ta yi kwanaki tana hayaƙi, yawancin itacen a banza yake tafiya, kilo 1 na gawayi yakan ci kilo 5 zuwa 10 na itace. Idan aka sare kaɗanya an tafi da man kaɗe, idan ɗorawa ce an tafi da kalwa da daddawar miya, kuma mata ne a ƙauye suke fara ji a jikinsu don su ke tsinta su sayar. Kamar ɗan kasuwa ne da ya bar cin riba ya koma cin uwar kuɗi, shagon zai yi kyau na ɗan lokaci kafin ya wayi gari babu komai a kanta.

Ni ba zan zagi talaka ba wallahi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuma naira ta faɗi, komai ya tashi, gas ya yi tsada, kananzir kuwa tuntuni ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, wuta ba ta tsayawa, gidaje da yawa da suka saba da silinda sun ajiye ta a lungu sun koma kurfoti. Uwar da ke da yara shida ba za ka ce mata kar ta hura wuta ba. Ga gidajen burodi ga masu tsire ga masu shayi ga makarantun kwana, duk itace, sannan akwai wanda ake zubawa a kwantena a fitar ƙasashen waje.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin da muke ta maimaitawa. Duk damina sai a yi bikin dashen itace, a kafa rumfa a kawo kujeru, babban baƙo ya dasa ɗaya a ɗauki hoto a watse, zuwa watan Maris ka koma wurin ba za ka ga komai ba sai ramuka, akuya ta cinye wasu rana ta ƙone sauran saboda ba a ɗora wa kowa alhakin ban ruwa ba. Ko babban shirin nan na katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda aka ce zai tashi daga Senegal har Jibuti wajen kilomita 8,000, kuma jihohi 11 na arewacin Najeriya suna ciki, shi ma dashen farko da yawa bai rayu ba, dole daga baya aka sake tunani.

Alhali amsar tana nan kusa da mu a Maraɗi, ba sai an je Turai ba. Bayan farin shekarun 1970 yankin ya zama fili fetal, iska tana kwashe ƙasa tana binne shuka, manomi ya yi shuka sau biyu sau uku. Wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta raba dashe yana mutuwa, sai a 1983 ya lura cewa 'yan kurmin nan da ke tohowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa a ƙone duk shekara kafin shuka, ashe bishiyoyi ne da aka sare tun da, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa tana neman dama kawai. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin tohon, da aka daina rabon da yawa sun sake sarewa, amma waɗanda suka bari maƙwabta suka ga gonarsu ta fi, daga nan abin ya bazu daga manomi zuwa manomi. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, yawanci ba wanda ya dasa su.

Aikin kuma ba wuya. Ka je gindin kututturen kalgo ko sabara ko magarya ko aduwa, za ka ga ya fitar da tsirrai barkatai wajen ashirin, ka zaɓi uku zuwa biyar da suka fi miƙewa da ƙarfi ka bari, sauran ka yanke da wuƙa mai kaifi kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya yage, ka rage ƙananan rassa har rabin tsayin, ka ɗaura ɗan jan ƙyalle don mai wucewa ya san da mai shi. Abin da ka yanke ka kai gida a yi girki. Da yake saiwar tsohuwa ce ta riga ta kai ga laima, girman da zai yi a shekara biyu dashe ba zai kama ƙafarsa ba, kuma ba ban ruwa.

Sai gawo, wanda ni a ganina ba bishiyar da ta kai shi amfani ga manomi. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore shar dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa su bar kashi a wurin. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo daban yake. Sarakunan Damagaram na da sun hana sare shi da hukunci mai tsanani, kuma har yau ƙasar Zinder cike take da shi.

Mu na birni ma akwai namu. Murhu mai tsimin itace yana rage abin da ake ƙonawa sosai idan aka kwatanta da duwatsu uku a fili, jiƙa wake tun dare, rufe tukunya, kashe garwashi bayan an sauke a adana maimakon a bar shi ya zama toka, duk suna rage buhu a wata. Wanda Allah ya hore wa ya tsaya kan gas. Idan za ka dasa, dasa guda biyu da za ka iya kewayewa ka shayar har su fi ƙarfin akuya, Annabi (SAW) ya ce duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen musulmi sadaka ce gare shi.

Amma akwai abu ɗaya da in babu shi duk wannan ba zai yi ba. A Nijar da can bishiya ta hukuma ce ko da a gonarka take, ma'aikacin gandun daji zai iya cin ka tara idan ka taɓa ta, to wa zai wahala ya rene ta? Sai da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, ƙauyuka suka kafa kwamiti da dokar hana satar reshe tare da makiyaya a zaman, sannan mutane suka dage. Wannan nake so dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙananan hukumominmu su zauna a kai kafin sassaben bana, don da an ɗauki gatari an cinna wuta a gona tohon shekarar ya tafi.