Ranar da Fedar Birkina Ta Nutse a Filin Tsere

A ranar da na fara shiga filin tsere da motata, ban taɓa kawo wa raina cewa birki ne zai fara ba ni kunya ba. Mota ce mai ƙarfin inji, nauyinta ya kusan kilo 1500, kuma na shekara biyu ina tuƙa ta a kan titi ba tare da birkinta ya nuna wata gazawa ba. Zagaye huɗu na farko sun tafi lafiya lau. A na biyar, da na iso ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya na taka birki domin in shiga kwana, sai na ji fedar ta yi laushi tana nutsewa kamar soso na taka, har sai da na ɗaga ƙafa na sake takawa sau biyu kafin motar ta rage gudu. Na lallaɓa na fita gabana yana faɗuwa, kuma tun kafin in kashe inji na riga na yanke hukunci cewa birkin da motar ta zo da shi ya yi mata kaɗan, saboda haka sai na sayi manyan faya-fayan birki da manyan kalifofi masu fistin shida, wato ƙarafan da ke damƙe faifan idan an taka birki.

Wani dattijo da ya daɗe yana zuwa filin, wanda ya ajiye motarsa kusa da tawa, shi ne ya taka mini birki a kan wannan shawarar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ƙanena, fedar ce ta nutse, ko kuwa tana nan da taurinta amma motar ta ƙi tsayawa?" Na ce masa nutsewa ta yi. Ya ce, "To yaushe rabonka da sauya man birki?" Na yi shiru, domin tun da na sayi motar ban taɓa sauya shi ba, ban kuma san ko mai ita na farko ya taɓa yi ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, aikin birki gaba ɗaya mayar da gudu zafi ne, kuma zafin ba ya ƙaruwa daidai da gudun, ninkuwa yake yi. Idan gudu ya ninka sau biyu, zafin da birki zai sha ya ninka sau huɗu. Wannan yana nufin cewa rage gudu daga kilomita 200 a awa zuwa 100 yana zuba wa birki zafi ninki uku na wanda yake sha idan aka tsayar da motar cak daga kilomita 100. A mota mai nauyin tawa, wannan ragewar guda ɗaya ta isa ta kai ruwa lita biyar ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi take faruwa. A kan titi mutum yakan yi irin wannan takawar sau ɗaya, sannan birkin ya sami mintuna yana hucewa. A filin tsere kuwa, kafin faifan ya huce an riga an iso kwana ta gaba, zagaye bayan zagaye, har faifan ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. Wannan matsalar ta zafi ce ta sa faifan birki ya kori tsohon birkin ganga daga motocin tsere, tun bayan da Jaguar ta lashe tseren awa 24 na Le Mans da ke Faransa a 1953 da birkin faifai na kamfanin Dunlop.

Tambayar dattijon tana da tushe, domin gazawar birki saboda zafi iri biyu ce, kuma ƙafar direba ce take bambance su. Idan fedar ta nutse, man birki ne ya tafasa a cikin kalifa ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba kamar mai ba, don haka takawar tana ƙarewa ne a matse kumfa maimakon tura fistin. Idan kuwa fedar tana nan da tauri amma motar tana ci gaba da tafiya, to takalmin birki ne, wanda makanikai suka fi kira fad, ya wuce iyakar zafin da aka yi shi dominsa, ƙaron da ya haɗa shi ya fara ƙonewa, ya daina kama faifan. Magani daban-daban suke buƙata, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya wajabta sayen sabuwar kalifa.

Na fara da man birki. Alamar DOT da ake gani a jikin gwangwani ma'auni ne na Amurka da ya ƙayyade mafi ƙarancin zafin da mai zai jure kafin ya tafasa: DOT 3 digiri 205, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma digiri 260. Sai dai waɗannan alƙaluma na sabon mai ne da aka buɗe yanzu. Man birki yana zuƙar danshi daga iska a hankali, ta murfin tankinsa da ta jikin tiyon roba, kuma idan ruwan da ke cikinsa ya kai wajen kashi 3.7 cikin ɗari, iyakar DOT 4 tana faɗowa zuwa digiri 155, ta DOT 3 kuma zuwa 140. Wato man da ke cikin motata a ranar nan ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na juriyarsa ba tare da na sani ba, domin tuƙin titi bai taɓa kai shi inda asirinsa zai tonu ba. Na zubar da shi duka na sa man tsere mai alamar DOT 4 wanda sabonsa yake jure sama da digiri 300, irin su Motul RBF 600 ko Castrol SRF, kuma yanzu nakan fitar da kaɗan daga kowace kalifa kafin kowace ranar tsere. Gargaɗi ɗaya a nan: DOT 5 ba ƙanin DOT 5.1 ba ne duk da kamannin suna. DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da sauran, kuma bai dace da mota mai na'urar ABS ba, wato na'urar da take hana wili kullewa idan an taka birki da ƙarfi.

Da na koma filin da sabon mai, fedar ba ta sake nutsewa ba, amma sai matsala ta biyu ta fito, wadda ta farkon ta ɓoye. Wajen zagaye na bakwai fedar tana nan daram, ina takawa da ƙarfi, motar kuwa tana wuce inda na saba shiga kwana, ga kuma ƙauri yana shigowa. A nan ne na shiga batun takalman birki, kuma a nan ne na fi ɓata lokaci, domin shi ne wurin da titi da filin tsere suka fi saɓawa. Takalmin titi an yi shi ne ya kama tun daga takawar farko da sanyin safiya, ya yi shiru, ya rage ƙura, ya kuma tausaya wa faifai. Na tsere an yi shi ne ya yi aiki cikin tsananin zafi, kuma da yawa daga cikinsu ba sa kamawa sosai sai sun ɗumama, suna ƙara mai tsinin da ke sa masu tafiya a ƙasa su waiwayo, suna baƙanta wili da ƙura, sannan idan aka yi ta amfani da su da sanyi, kankare faifan suke yi kamar magagari. A ƙasashen Turai ma akwai dokar ECE R90 da ta ce takalmin da za a sayar domin titi kada aikinsa ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari, kuma yawancin takalman tsere ba su da wannan shaidar.

Na gwada na tsaka-tsaki, irin wanda ake tallatawa cewa ya dace da titi da fili baki ɗaya, kuma ba zan ce ƙarya ake yi ba. Ga wanda yake zuwa fili sau ɗaya ko biyu a shekara da tayoyin titi, musamman a mota marar nauyi, ya wadatar. Ni dai da gudun nawa ya ƙaru sai na tarar ya zama jemage, ba tsuntsu ba ba dabba ba: yana ƙara a kan titi, yana kuma gajiya a fili. Daga ƙarshe na koma ga abin da na yi ta gudu saboda ƙyuya, wato takalma kashi biyu, ɗaya na titi ɗaya na tsere, ina sauyawa a daren da zan tafi fili. Aikin bai wuce awa ɗaya ba idan hannu ya saba, kuma yana tilasta mini in duba kaurin takalmin da fuskar faifan da idona. Takalmin da ya ci fiye da rabi ba na shiga fili da shi, domin naman takalmin shi ne katangar da ke tsakanin zafin faifai da man birki, kuma yadda yake sirancewa haka zafin yake saurin isa ga fistin.

Akwai kuskuren da na yi a tsakani wanda ya ci mini faya-fayai guda biyu. Sabon takalmi yana buƙatar a zaunar da shi a kan faifai ta hanyar rage gudu da ƙarfi sau takwas zuwa goma a jere ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiya ana barin iska ta sanyaya shi, domin ya shafa wa fuskar faifan siririn rufi na jikinsa daidai wa daida. Na yi takawar, amma na tsaya a mahaɗar hanya ƙafata a kan feda alhali faifan yana da zafi jau, sai takalmin ya buga hatiminsa a wuri ɗaya. Bayan kwana biyu sitiyari ya fara karkarwa duk lokacin da na taka birki. Mutane sukan ce faifai ya lanƙwashe, amma sau da yawa ƙarfen yana nan a miƙe, rufin ne ya yi tudu a wani wuri. Saboda wannan dalilin ne ake yin zagaye na ƙarshe a hankali ba tare da taka birki sosai ba, kuma ba a jan hambirki idan an fito daga fili, sai dai a bar motar a giya.

Game da faya-fayan kansu ba ni da dogon bayani. Masu huje-huje suna da kyan gani ta cikin wili, amma a fili tsagewa takan fara ne daga bakin hujin, don haka na zaɓi na ƙarfen zubi masu 'yan tsagogi a fuska, kuma marasa ado ma da sun yi. Tiyon birki mai saƙar ƙarfe a jiki ya ƙara wa fedar ɗan tauri domin ba ya kumbura kamar na roba, amma bai rage ko taku ɗaya daga tazarar tsayawa ba.

Wannan batu na tazarar tsayawa shi ne ya ƙarasa kashe mini sha'awar manyan kalifofin nan. Birki yana tsayar da wili ne kawai, taya ce take tsayar da mota. Muddin birkin da ke jiki yana iya kai tayoyi ga inda ABS zai fara bugun ƙafa, to ƙarfinsa ya riga ya wuce abin da taya za ta iya ɗauka, kuma ƙarin fistin ba zai gajarta takawar farko ba. Amfanin babban faifai na gaskiya shi ne yawan ƙarfen da zai shanye zafi da faɗin da zai fitar da shi, wato takawa ta ashirin ta yi kama da ta farko. Yana kuma zuwa da nasa sharuɗɗan. Dole ya shiga cikin wili, kuma idan jimillar faɗin fistin ɗin sabuwar kalifa ta bambanta sosai da ta asali, rabon aiki tsakanin gaba da baya yakan karkace, fedar ta yi tsawo, na'urar ABS da aka saita domin tsohon lissafi ta riƙa shiga ba a kan lokaci ba. An sha ganin motar da aka ƙara wa birkin gaba kaɗai ta koma tana tsayawa a tazara mafi tsawo, saboda tayoyin baya sun daina ɗaukar kasonsu. Kayan kamfanoni irin su Brembo da AP Racing da aka auna domin takamaimiyar mota sun yi la'akari da wannan, kalifar da aka ciro daga wata babbar mota aka ɗaura da ƙarfen haɗi kuwa ba ta yi ba.

A bana na sauya zuwa tayoyi masu kama kwalta sosai, kuma kamar yadda ya kamata in yi tsammani, zafin ya dawo, domin tayar da ta fi riƙo tana ba direba damar jinkirta birki da shiga kowace kwana da gudun da ya fi na da. Na shafa fenti mai sauya launi a gefen faifan gaba, na manna takardar auna zafi a jikin kalifa, kuma abin da suka nuna shi ne ɓangaren da ya fi ɗaukar nauyi idan ana shan kwana a filin yana kusantar iyaka, robar da ke kare fistin daga ƙura har ta fara bushewa. Na jawo tiyon iska daga ƙasan bamba zuwa tsakiyar kowane faifan gaba, inda ramukan cikinsa suke zuƙar iska su watsa ta waje. Zan sake shafa fentin a fita ta gaba, kuma launin da ya nuna bayan zagaye goma sha biyar shi ne zai yanke ko lokacin babban faifai ya yi.