Tarihin Rayuwata da Taurarin Leƙen Asiri, Kashi na 6: Lissafin Zagaye

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa. Makon jiya mun tsaya a kan eriya da akwatin rediyon gajeren zango. Yau lissafi za mu yi, domin wanda bai iya auna lokacin zagaye ba, saurare kawai yake yi, bai fara bin sawun tauraro ba.

Taurarin ɗan'adam na leƙen asiri da muke magana a kansu, a zamaninsu, a fim suke ɗaukar hoto, fim kuwa sai an dawo da shi ƙasa an wanke. Amurka ce ta fara, ranar 19 ga Agusta 1960, da jirginta C-119 ya cafke kwanson fim na tauraron Discoverer 14 a iska kusa da Hawai yana saukowa da laima. Tarayyar Sobiyat ta biyo baya a 1962 da samfurin Zenit, wanda take ɓoyewa a cikin jerin sunan Kosmos, Sin kuma ta shigo a Nuwamban 1975. Dukkansu ƙasa-ƙasa suke shawagi, tsakanin kilomita 200 da 300, don hoto ya fito tangaram. A wannan tsayin gudunsu ya kai kilomita 7.8 a daƙiƙa, zagaye ɗaya kuma yana cin minti 89 zuwa 90.

A wancan zamani yawancin Zenit suna kuka a rediyo a kan megahaz 19.995. Idan tauraron yana tunkaro ka muryarsa takan yi siriri, idan ya ba ka baya ta yi kauri, kamar jiniyar motar asibiti. Canjin bai wuce haz 500 sama ko ƙasa ba, amma kunne yana kama shi. Daƙiƙar da muryar ta fi saurin faɗuwa ita ce ta kusantarsa da kai, ita za ka rubuta. Gobe ka sake rubuta ta wucewar da ta yi daidai da ta yau, ka raba tazarar gida 16, adadin zagayen da ya yi ke nan. Amfanin jira har gobe shi ne, kuskuren daƙiƙa goma yakan koma ƙasa da daƙiƙa ɗaya bayan rabawa.

Duniya tana juyawa digiri 15 a awa, saboda haka kowane zagaye sawun tauraron a ƙasa yana matsawa yamma da kusan digiri 22 da rabi. Akwai kuma abin da sabon shiga ke mantawa: duniya tana da tumbi a tsakiyarta, kuma wannan tumbin yana murɗa hanyar tauraron. Ga mai karkatar digiri 65, wato yadda hanyarsa ta jirkice daga layin tsakiyar duniya, murɗawar ta kusa digiri 3.7 zuwa yamma kullum. In ka haɗa biyun, za ka ga cewa tauraron da zagayensa ke cin minti 88.8 yana taka sawunsa na jiya daidai wa daida. Wanda ke cin minti 89.8 kuwa, kullum sawunsa yana gocewa yamma da kusan digiri 4, wato yana share ƙasa layi-layi, kamar mai huɗa.

A ganina babu abin da ya kai wannan minti ɗayan daɗi a duk sana'ar. Minti ɗaya a lokacin zagaye daidai yake da kusan kilomita 50 a matsakaicin tsayi. Idan ka wayi gari ka ga lokacin ya faɗi farat ɗaya daga 89.7 zuwa wajen 88.9, an kunna inji ne, an ce wa tauraron ya kafe ido a wuri guda. Ka zana sawun a taswira, ka dubi inda yake wucewa da rana tsaka, ka san abin da ya hana masu shi barci. Haka aka gani a yaƙin Gabas ta Tsakiya na Oktoban 1973, lokacin da Sobiyat ta riƙa harba su bi da bi tana sauko da su bayan kwana shida ko makamancin haka, maimakon kwana 12 ko 13 da aka saba. Da irin wannan lissafin ne Geoffrey Perry, malamin fiziks a wata sakandare a Kettering ta Ingila, shi da ɗalibansa suka gano tashar harbin Sobiyat ta Plesetsk a 1966, bayan Kosmos 112 ya fito da karkatar digiri 72 wadda ba ta dace da Baikonur ba, tashar harbin Sobiyat da aka riga aka sani.

Kurakurai uku ne ke kayar da mutane. Na farko, dogaro da lokacin fara jin murya. A wannan zangon sararin sama yana lanƙwasa sigina, sai ka ji tauraro alhali yana can bayan duniya. Na biyu, agogo: daƙiƙa ɗaya da ya saɓa, ka ɓata da kilomita kusan takwas. Na uku shi ne ɗaukar jan iska a matsayin kunna inji. Ragowar iskar da ke can sama tana zaftare lokacin zagaye a hankali, kaɗan-kaɗan kullum, kuma takan tsananta idan rana ta yi fushi, wato ta ƙara feso makamashi. Inji tsalle yake sa lamba ta yi, iska gangara take sa ta.

A wancan zamani, ranar dawowa, muryar da ka saba ji takan ɗauke, can sai wata ta maye gurbinta tana maimaita haruffa biyu na Mos, rubutun gajere da dogon sauti na telegiram, kamar TK, alamar laima ta buɗe. Kafin nan sai tauraron ya daidaita fuskarsa, rokar birki ta yi aman wuta ta gaba. In fuskar ta karkace, an shiga uku. A Oktoban 1993 rokar kwanson wani tauraron Sin samfurin FSW ta tashi yana fuskantar inda bai dace ba, sai ta cilla shi sama maimakon ƙasa, bai faɗo ba sai Maris 1996, a kudancin tekun Atlantika.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki yadda ake fitar da karkata daga wucewa biyu kacal.