Mai Zuwa Saudiyya Aiki, Ka San Halin da Takardunka Suke Ciki

Ƙannena masu shirin tahowa Saudiyya neman halak, tambayoyinku kusan iri ɗaya ne: albashi riyal nawa, mutum nawa ne a ɗaki, ana samun tuwo ko sai shinkafa da kaza kullum. Da wuya a samu wanda zai tambayi yadda ake zaman lafiya da hukuma, alhali yawancin waɗanda na ga an mayar gida ba wahalar aiki ce ta kore su ba, takarda ce.

A gida mun saba cewa wanda ke kan kujera shi ne wuƙa shi ne nama. In ya ga dama ya sa hannu, in bai ga dama ba sai ka nemo wanda ya san shi. A nan jami'in da ke bayan gilashi lambar iƙamarka zai buga a kwamfuta, abin da ta nuna masa shi zai faɗa maka. Iƙama ita ce katin zamanka a ƙasar, hukumar Jawazat ke bayar da ita. Bayananka suna cikin Absher, manhajar ma'aikatar harkokin cikin gida. Kwantiragin ma'aikacin kamfani yana cikin Qiwa, na masu aikin gida kuma yana cikin Musaned, dukansu manhajoji ne na ma'aikatar ƙwadago. Duk abin da jami'i zai gani a kanka, kai ma kana iya ganin mafi yawansa a wayarka. Na daɗe ban damu da dubawa ba, kuma na ji a jikina.

Ni da na yi makarantar allo, na haddace watannin Musulunci tun ina yaro, lissafin wata ne ya kayar da ni. Na riƙe a raina cewa a wata kaza na Turawa aka ba ni iƙama, don haka sai ya zagayo za ta ƙare. Ashe a lokacin da kalandar Hijira ake lissafinta, ita kuwa shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11. Ga shi na sallama komai ga mu'aƙƙibin kamfaninmu, wato mutumin da ke yi mana zirga-zirgar takardu. Duk lokacin da muka haɗu sai ya ce "bukra, in sha Allah", wato gobe in Allah ya so, ni kuma in yi dariya in wuce. Ana gab da salla na je tura wa Inna kuɗin cefane, na'ura ta tofo mini katina. Na sake sakawa, ta sake tofowa. Washegari ma'aikacin banki ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa ba tare da ya ce uffan ba: iƙama ta mutu, an rufe asusu har sai an sabunta. Kuɗina ne, guminsa bai gama bushewa ba, amma ko riyal ɗaya ba na iya taɓawa.

Dokar ƙwadago ta ƙasar ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin iƙama da na lasisin aiki da sabunta su, har da tarar jinkiri, wadda take riyal 500 a karo na farko, 1,000 a na biyu. To amma tarar ce kaɗai tasa. Kai ne za ka riƙa raɓe-raɓe in ka hango motar askar, wato 'yan sanda, kai ne iyayenka za su yi salla ba saƙo. Don haka tun saura wata biyu ka fara tuna wa kafilinka, wato wanda ya ɗauke ka aiki, cikin ladabi, kuma a rubuce ta waya domin ya zama kana da shaida. Ka tambaya ko an biya inshorar lafiya, domin ba a sabunta iƙama sai da ita.

Da abin ya ishe ni sai na wanke ƙafa na tafi wani ofishin hukuma da kaina, raina a ɓace. Ban yi alƙawarin ganawa ba, ban ɗauki lamba ba, na kutsa gaban gilashi ina zuba Larabcin kasuwa haɗe da Hausa, muryata na tashi. Jami'in ya dubi kwamfuta, ya turo mini katina ta ƙasan gilashi, ya ce in koma wurin kafilina. Har na fara lalubar aljihu, irin tunaninmu na a ba da na goro. Wani dattijo Bahaushe, irin waɗanda aka haifa a can, ya riƙo hannuna ya ja ni gefe.

"Ɗana, mayar da hannunka. Nan ba a haka."

"Baba, to ya zan yi? Ya ƙi ko saurarona."

"Ba ƙi ya yi ba. Abin da kake nema ba a hannunsa yake ba, kamfaninku ne bai biya ba. Shi ko ɗan'uwansa ne kai ba abin da zai danna."

Allah ya saka wa wannan bawan nasa. Cin hanci a ƙasar laifi ne a kan mai bayarwa da mai karɓa, akwai hukuma sukutum mai suna Nazaha da ke bibiyarsa, kuma baƙo in ya faɗa ciki, bayan ɗauri sai kora.

Tun daga nan na canza salo. Ina neman lokacin ganawa ta Absher kafin in fita. Ina shiga da sallama, in miƙa takarda da hannun dama, in yi shiru har ya gama dubawa. Na daina tambayar "don me", na koma tambayar "me ya rage, kuma wa zai kawo shi". Wannan tambayar suna amsa ta, wani ma har ya rubuta maka a 'yar takarda. Ka kuma san ranakunsu: tun 2013 hutun mako Juma'a ne da Asabar, da azumi awannin aiki raguwa suke, hutun salla na ma'aikatun gwamnati kuma yana da tsawo. Wanda ya bar takardarsa sai goman ƙarshe na Ramadan ya shirya jira.

Kuskuren da ya fi ci mini rai kuwa ba da Balarabe na yi shi ba. Wani ɗan garinmu ne ya roƙe ni in karɓo masa hayar mota da sunana, tunda tasa takardar tana da matsala. Kunya ta hana ni cewa a'a. Ya yi ta sheƙa gudu, kyamarorin Sahir na kan titi suna ɗauka, tara tana taruwa a kan lambata. Ban sani ba sai da na tashi neman bizar fita da dawowa don in je ganin gida, aka ce sai an biya tarar hanya tukuna. Mutumin ya kashe waya, ni na biya. Kada ka dangwala wa kowa yatsa ya karɓi layin waya, kada ka ba kowa lambar sirrin da ake turo maka ta Absher ko Nafath (manhajar da ake tabbatar da cewa kai ne), ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Duk abin da aka yi da sunanka, kai hukuma ta sani.

In kun saɓa da kafili, kada ka tattara kaya ka gudu. In ya kai rahoton ka bar aiki, abin da mutanenmu ke kira hurub, kana iya ƙarewa a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, irin na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda. Akwai hanyar ƙorafi a ma'aikatar ƙwadago: ana fara neman sulhu, in ya gagara a wuce kotun ma'aikata, kuma a can kwantiragi da shaidar shigar albashi ta banki su ne bakinka. Tun watan Maris na 2021 aka sassauta dokar kafilanci, ma'aikacin kamfani yana iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya bisa wasu sharuɗɗa, yana kuma iya neman bizar fita da kansa. Sai dai sassaucin nan bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, su tsarinsu daban ne. 'Yan'uwana mata, ku tambayi abin da za a rubuta muku a matsayin sana'a tun kafin ku hau jirgi. Masu shigowa da bizar umara da niyyar maƙalewa kuwa, ba ni da wata dabara da zan ba ku, domin wannan bizar ba ta aiki ba ce.

Fasfo naka ne, doka ba ta yarda kafili ya riƙe maka ba. Ka ɗauki hotonsa da na iƙama da na kwantiragi ka tura wa wani amintacce a gida. In ya kusa mutuwa, ofishin jakadancinmu yana Riyad, ƙaramin ofishi yana Jidda, kuma ka fara nema da wuri don yana ɗaukar lokaci. In sabon ya fito, ka tabbata an shigar da lambarsa cikin bayananka na Jawazat kafin ka sayi tikitin gida.