Abin da haɗa ɗakin fim ɗin tsoro ya koya mani a Katsina

Duk wanda aka ce ya shirya wurin ɗaukar fim ɗin ban tsoro, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne ƙoƙon kan mutum da jini a bango da kyandir, saboda shi muka saba gani a finafinan Amurka. A gurup ɗinmu na furojet ɗin fim na shekarar ƙarshe a makaranta ma shawarar da aka fara kawowa ke nan, ni kuma da aka ɗora wa haɗa ɗakin na ce a'a, Bakatsine ba ya jin tsoron wannan, kallo kawai zai yi. Abin da ke tayar mana da tsigar jiki daban ne, kango ne da aka daɗe ba a shiga ba, tsohuwar rijiya a tsakar gida, gindin tsamiya da magariba lokacin da iyaye ke ƙwala wa yara kira su shigo gida. Mu da muka tashi da labarin macijin rijiyar Kusugu ta Daura ai ba sai an yi mana bayanin abin da bakin rijiya ke sa wa a zuciya ba.

Labarin namu na wata amarya ce da aka kai ɗakin tsohuwar da ta rasu. Mun so mu ɗauka a ɗakin ƙasa na gaske a cikin gari wajen Ƙofar Sauri, to amma ɗakunan nan ƙanana ne, rufin azara ya sauko ƙasa, mai kyamara ba shi da inda zai ja baya balle a kafa fitila, ga shi masu gida ba sa son a ce a ɗakinsu aka yi fim ɗin aljanu, kuma wallahi ban ga laifinsu ba. Sai muka samu aron wani gareji muka gina bango uku da filawud mai ƙafa 4 da 8, aka yi masa firam da katako 2 ba 2, bango ɗaya kuma ba mu kafe shi ba, ana iya ɗage shi a shigo da kyamara ta nan in an zo wani sin ɗin.

A wajen bangon nan na fi koyon abu. Fenti ruwan ƙasa a kan filawud ba ya zama ginin ƙasa, kyamara tana gani za ta tona asiri, sumul yake fitowa. Na je na tsaya jikin hasumiyar Gobarau da ragowar ganuwa na ƙare wa yaɓen kallo, ashe ba kala ɗaya ba ne, akwai inda ruwa ya zubo ya bar layi, akwai sawun tafin hannun magini, ƙasa-ƙasa kuma ya fi duhu ya zaizaye. Wani dattijon magini da ke unguwarmu na tambaya, na ce Baba ya zan yi ƙasa ta kama katako, ya ce "yarona ƙasa ba ta zama kan abu mai santsi, ka ba ta abin riƙo." Sai muka bi filawud ɗin da buhun algarara muka kafe da ƙananan ƙusoshi, muka kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa da farin gam na kafintoci, muka yaɓa da hannu siriri yadda ba zai yi nauyi ba. Lokacin hunturu ne, iskar ta busar da shi da wuri ya tsattsage da kansa, kuma tsagar nan ita ce ta fi komai kyau a hoton. Wajen alkuki na kunna aci-balbal na bari hayaƙinta ya yi baƙi a bango, don ɗakin da aka yi shekaru ana kwana dole a ga wannan tabon.

Kayan ɗaki ba mu sayi komai ba sai tabarmar kaba, ita ma sai da muka jiƙa ta da ruwan shayi muka shanya ta tsufa. Sauran aro ne daga kakanni, randa, tasoshi, tsohon akwatin ƙarfe, faifai, mazari da ɗan abawa a jiki. Ban cika ɗakin ba da gangan. Abin da ya fi ba mutane tsoro da muka haska a aji shi ne jeren kwanuka da ƙura ta rufe kaf amma guda ɗaya fes kamar yanzu aka wanke, babu wanda ya yi magana a kai a fim ɗin, ido ne kawai ke kai wa can.

Jini kuwa zoɓo zalla ba ya yi, a kyamara yana komawa shuɗi-shuɗi kuma ruwa ne tsararo, sai an haɗa da kalar abinci ja da sitaci da ɗan garin kofi kafin ya yi duhu ya yi kauri. Yanar gizo da auduga aka yi, a ja ta siriri sosai a watsa mata toka.

Akwai abin da ba na wasa da shi yanzu, wato hayaƙi da wuta. Mun so hazo a ɗakin sai aka kawo kasko da turaren wuta, a gareji rufe garwashi yana cinye iska mutum ya fara jiri bai sani ba, ga filawud da buhu da auduga duk abincin wuta ne. Doka muka sa, kasko ya shigo ya yi hayaƙi a fita da shi, bokitin ruwa da na yashi a bakin ƙofa, janareto kuma can nesa a waje da doguwar waya, don hayaƙinsa kisa yake kuma ƙararsa na ɓata sauti.

Sai maganar allo. Wani ya kawo allo da ayoyi a rubuce a jingina a bango wai zai ƙara armashi, malaminmu ya ce sam, wurin da ake watsa jinin ƙarya ana tattaka kaya ba wurin ajiye Alƙur'ani ba ne, aka sa wankakken allo, kuma hoton bai rasa komai ba. Haka tun kafin a buga ƙusa ɗaya sai da muka je gaida mai unguwa muka ce ranka ya daɗe za a ji ihu da dare amma wasa ne na makaranta, ya sa aka sanar da maƙwabta, in ba haka ba a yanayin tsaron da ake ciki ihun mace ƙarfe 11 na dare ba ƙaramin tashin hankali zai jawo ba.

Da aka gama mun mayar wa kowace tsohuwa kayanta da ɗan goro, bangwayen kuma muka kwance muka bar wa 'yan ajin da ke bin mu. Na so a ce sashen namu ya ware ɗan sito na irin waɗannan kaya, domin kuɗin filawud da katako shi ya cinye mafi yawan karo-karon da muka yi, kuma bango ɗaya in an adana shi da kyau zai yi shekara uku ko huɗu yana yi wa ɗalibai aiki, yaɓe kawai za a sabunta.