Wai abu ɗaya za ki zuba a bokiti tayil ya koma madubi

Yanzu ba dama ki buɗe Facebook sai kin ci karo da irin kanun nan, "Ta zuba abu ɗaya a ruwan mofin, abin da ya faru ya girgiza maƙwabta", ga hoton bokiti an zagaye shi da jan layi. Wane abu ne? Ai ba za su faɗa ba sai kin danna, don dannawar ce abincinsu, duk tallar da ta buɗe a wayarki kuɗi ne ya shiga aljihunsu, ke kuma datarki na ta zuba kina neman amsar da ke can ƙasan shafi na huɗu. Tun 2014 Facebook suka ce za su rage irin waɗannan kanun amma har yau gasu nan.

In kin daure kin kai ƙarshe kusan kullum khal (wato binega) ne da bekin soda. Ki haɗa su yayi ta kumfa fuuu, a bidiyo abin gwanin sha'awa, alhali ɗaya ne ke kashe ƙarfin ɗaya, in kumfar ta kwanta kusan ruwan gishiri ne ya rage miki. Khal ɗin shi kaɗai ma in ɗakinki mabul ne ko tarazo cinye sheƙin yake, ya bar shi dishi-dishi, kuma ba sabulun da zai dawo da shi.

Wanda ya fi ɗaga min hankali masu cewa a haɗa Hypo da khal ko da Harpic wai ya fi fitar da datti. Dan Allah kar ki fara! Iskar kilorin ke tashi, ido ya kama yaji, tari, ƙirji ya shaƙe, balle a banɗaki mai ƙaramar taga ko gidan da ke da mai asma. A jikin robar ma an rubuta kar a haɗa, waye ke karantawa.

Ni dai a ganina matsalar tayil ɗinmu ƙura ce, musamman da hunturu. In ba ki share tas ba kika kawo mofa, taɓo kawai kike shafawa. Sai kuma omo da ake zabgawa da yawa, shi ke sa ƙasa danƙo tana kama sawun yara. Ɗan kaɗan ya isa, ruwan na yin baƙi ki zubar ki ɗebo sabo, ki matse mofar sosai, ki kunna fanka, ki kora yaran waje har ya bushe.